Idon da Na Ce Ya Saka Mini a Kwamfuta

Sallama gare ku, masu bibiyata. Waɗanda suka yi ta rubuto mini cewa Zulkifli mugu ne, har da baiwar Allahn da ta ce in kai shi wurin 'yan sanda, ku gyara zama. Yau zan kunyata kaina, kuma kunyar za ta ɗan fallatsa muku, tunda ku ma kun yanke wa mutum hukunci da bakin mace ɗaya.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Latifatu, shekarata ashirin da takwas. A Maamobi aka haife ni, a gida mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Sana'ata tsara katin biki da na suna da na addu'ar arba'in, a kan laftof ɗina, a ɗakin da muke kwana ni da mahaifiyata, Mma. Zulkifli kuwa mai gyaran waya da kwamfuta ne a bakin kasuwar Nima. Dogo ne, ba ya son magana, koyaushe da ɗan sukurudireba a aljihun rigarsa kamar wani biro. Shi ne danginsa suka kawo goron neman aurena ranar Lahadi, tara ga wata. Ku riƙe wannan ranar.

Kafin nan da kwana uku, ranar Alhamis, ya dawo mini da laftof ɗin bayan ya canza mata kibod, don harafin "a" ya daina taɓuwa, kuma ba a rubuta Hausa ba tare da shi ba. Ya miƙo mini ita a ƙofar gida, ya goge ta tas, har ya ɗaure wayar caji da roba.

Mma tana sonsa. Ta ce mutumin da ke cire takalmi tun daga bakin kwata kafin ya gaishe ta, ba zai wulaƙanta 'yarta ba. Gwaggo Jannatu, yayar marigayi babana, ita ce ba ta so. A wurinta mu jikokin sajan ne, kakanmu ya yi ɗamara tun zamanin Turawa, hotonsa yana nan a falonta da jar hula. Ta ce jikar sajan ba ta dace da mai tsince-tsincen cikin waya ba. Ni dai ban taɓa gane abin da jar hular mamaci za ta dafa mini ba, amma ban ce komai ba, domin ni ma ina da nawa a ɓoye.

Sunansa Saddique. Borga ne, wato ɗan Zango, unguwannin Hausawa irin tamu, da ke zaune a Turai, shi a Hambog. Ya ga hotona a wurin bikin wata ƙawata, ya nemi lambata. Hoton nan kuwa an wanke shi, an goge shi, na fito fara sol kamar ba rana ce ta raine ni ba. Ni baƙa ce, masu karatu, baƙa irin ta gidanmu, kuma kafin Saddique ban taɓa jin haushin hakan ba. Wata biyu muna rubutu. Sai ya fara cewa:

"Beb, ina son in gan ki kina motsi. Hoto ba ya dariya."

Kyamarar gaban wayata ta tsage, kuma wanda zai gyara ta kun san shi. Ta jikin laftof kuwa ba ta ƙarya, yadda Allah Ya yi ka haka za ta nuna ka. Saboda haka ranar Litinin, washegarin kawo goro, goron ma ba a gama rabawa ba, na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, na hau trotro, motar haya, zuwa Sakul, inda ake hada-hadar wayoyi. A can wani mai tebur ya sayar mini da 'yar kyamara mai maƙalawa a saman kwamfuta. Ya ce tana gyara fuska. Ya zuba mini shirinta a filash, ya ce in na je gida in danna "na yarda" duk inda ta tambaya. Na danna. Ta tambaya sau huɗu, har da wani jan gargaɗi, na danna.

Ta yi aikinta. Saddique ya gan ni ya ce masha Allah sau uku. Da muka gama na zare ta, na naɗe ta a tsohon ɗankwali, na tura ƙarƙashin mayafaina a akwati.

Daga ranar laftof ɗina ta canza hali. Fankarta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Ƙasanta ya yi zafin da ba na iya ɗora ta a cinya. Katin da nake gamawa kafin koko ya huce, sai ya cinye mini safiya. In matsa hoton amarya, sai ya tsaya yana tunani, sannan ya yi tsalle ya faɗa kan sunan ango. Karatun da nake saurare ina aiki ya riƙa tsinkewa, muryar malam tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Na yi difloma a kwamfuta, don haka na san inda ake leƙawa. Na buɗe jerin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Shirin tsara katina yana cin kashi shida cikin ɗari. Amma ga wani layi can sama, sunansa da Turanci yana nufin katsalandan, yana cin sittin, saba'in, wani lokaci ya haura tamanin. Ba shi da hoto, ba shi da gida. Na ce a rufe shi, wurin dannawar ma ya dushe. Na kashe na kunna, yana nan. Na sa maganin bairos ya zagaya, ya ce lafiya lau.

Zan faɗa muku gaskiya. A rana ta uku tunanin kyamarar ya gifta mini. Na kore shi da hujja mai kyau: ai tana cikin akwati, abin da ba a jona ba ta yaya zai yi ɓarna? Ana yawan cewa karatu yana hana mutum yaudarar kansa. Ni ban ga haka ba. Abin da na gani, karatu yana ɗinka wa ƙarya riga mai kyau ne kawai.

Ina cikin wannan fama Gwaggo Jannatu ta shigo da leshi ruwan zuma da carbi mai ƙirga kansa a yatsa. Ta tsaya tana sauraron fankar.

"Wannan kuma me ke damunsa?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Wani abu ne a ciki yake ta aiki, ya ƙi rufuwa."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara ke nan."

"Wa ya taɓa ta?"

Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina na farko.

"Mai sukurudireba," in ji ta, ta zauna a bakin gado. "Na faɗa wa uwarki. Masu gyaran nan ido suke sakawa a ciki. Kina canza kaya yana kallo daga shago. 'Yar gidan Alhaji mai fata haka aka yi mata a Kumasi."

Babu wanda ya taɓa ganin 'yar gidan Alhaji mai fatan nan, amma kowace unguwa tana da ita. Na san haka. Duk da haka na juyo da fuskar laftof ɗin wajenta, na ɗora yatsa a kan layin, na ce:

"Ga shi nan. Ba shi da suna na gaskiya, kuma ba ya kashewa."

Ban ce shi ya saka ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma na san wadda nake nuna wa, kuma wani sashe na zuciyata ya hango ƙofa: in aka mayar da goron Zulkifli ba da laifina ba, hanyar Hambog ta buɗe.

Kafin la'asar Gwaggo ta yi saƙon murya na minti huɗu ta tura guruf ɗin matan unguwa. Ta fara da salati, ta ƙare da "ku kiyayi 'ya'yanku". Ba ta ambaci sunansa ba, ta dai ce dogon nan na bakin kasuwa mai neman 'yar ƙanenta. Kafin magariba saƙon ya kai Nima, ya kai Sabon Zango, wata ta turo mini shi daga Ashaiman tana tambaya ko na san yarinyar.

A mako guda shagonsa ya bushe. Ku da ba ku san Zango ba, ku gane: mace ba ta miƙa wayarta ga mai gyara sai ta yarda da shi kamar ungozoma. Hotunan gida suna ciki, saƙonnin miji suna ciki. Shekara bakwai matan kasuwa suna ba shi waya a buɗe su tafi sallah. Yanzu har waɗanda nasu ke hannunsa sun je sun karɓe ba a gama ba. Na ji an ce wata ta tsaya a ƙofar shagon ta tofar da yawu.

Saƙo ɗaya ya turo mini:

"Latifatu, ban saka komai ba. Ki bari in duba."

Na karanta, na kife wayar. Bayan minti biyar na Saddique ya shigo: "Sarauniyata, yau za mu gaisa?" Na ciro kyamara daga akwati. Allah Ya yafe mini.

Kawu Alidu ne ya tsayar da abin. Ƙanen Mma ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai son a bi komai layi-layi. Gwaggo ta ce a mayar da goro, ya ce ba a mayar da goro da saƙon murya. A zo a zauna, a kawo kwamfutar, kowa ya gani da idonsa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Maƙwabta kowa ya samo aikin yi a ƙofar ɗakinsa, mai tsintar shinkafa, mai wankin da ya riga ya wanku. Na sa atamfa shuɗiya da farin mayafi, na shafa kwalli, kamar wadda aka zalunta. Zulkifli ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Amama, 'yar gajeruwa mai sayar da kayan yaji a kasuwar Malam Atta. Ya rame. Aljihunsa babu sukurudireba.

Kawu ya tura masa laftof ɗin. Ya girgiza kai.

"Kawu, ba zan taɓa ta ba. In na taɓa, za a ce na cire abin da na saka. Ita ta yi karatun nan. Ta riƙe, ni in faɗa, ita ta danna."

"Ka ji wayo," in ji Gwaggo.

"Hajiya, ki bari," in ji Kawu. "Latifatu, matso."

Na ɗora ta a kan kujerar tsuguno, na kunna. Fanka ta ɗauki kukanta. Na buɗe jerin, layin yana kan saba'in da huɗu. Zulkifli yana zaune nesa da ni kamar taku uku, yana miƙa wuya.

"Wannan ba shiri ba ne," ya ce, yana kallon Kawu. "Shi ya sa ba ya rufuwa. Lissafi ne na yawan kiran da ake yi wa ƙwaƙwalwar. Duk abin da ke jikin kwamfuta, lasifika, kibod, kyamara, in yana da buƙata sai ya kira ta, ta ajiye aikinta ta amsa. Kamar Mma tana tuƙa tuwo, a kira ta daga ƙofa. In sau ɗaya ne, ba komai. To a ce wani yana kiran ta sau dubu kafin ta juya muciya sau ɗaya, kuma duk ta leƙa babu kowa."

"Tuwon zai yi gudaji," in ji Mma a hankali.

"Shi ne abin da ya samu kwamfutar."

"To wa ke kiran?" in ji Kawu.

"Shi za mu nema. Kowace na'ura tana da ɗan shirin da ke yi mata tafinta da kwamfuta, muna ce masa direba. In direban ya lalace, ko an yi shi da ha'inci, shi ke wannan kiran. Mai leƙen asiri ba ya ihu, Kawu. Da ido ne, da ba ku ji fanka ba."

"Ɓarawo ma yana tari," in ji Gwaggo.

Ya sa na kashe ta, na tayar da ita ta hanyar da ba ta ɗaukar kowane direba sai na dole. Rubutun ya yi manya-manya, fuskar ta yi duhu. Muka jira. Fankar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi tsit. A tsakar gidan har ana jin ɗigar famfo. Layin nan na katsalandan ya koma kashi ɗaya.

"Kun gani," in ji Zulkifli. "Injin lafiyarsa ƙalau. Cikin waɗanda muka bari a waje ne mai laifin yake. Yanzu ki tayar da ita yadda kika saba, mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Kukan ya dawo. Ya sa na buɗe jerin na'urorin da ke jikinta. Ya ce in kashe na wayfai. Na kashe, muka ƙirga ashirin, Kawu yana duba agogonsa. Saba'in da ɗaya. Na mayar. Na lasifika: saba'in da shida. Na mayar. Na bulutus, na wurin katin hoto, na batir. Kowanne sai ya ce, "Ki mayar da shi kafin ki taɓa na gaba, kada mu rikita shaidu." Kawu ya ji daɗin wannan kalmar, ya gyaɗa kai.

Ni kuwa tun a na lasifika na hango inda jerin ya nufa.

"Buɗe wurin kyamara."

Na buɗe. Suna biyu suka fito. Na farko na jikin laftof ɗin ne. Na biyu wani dogon suna ne, da kalmar Turanci ta "kyakkyawa" a tsakiyarsa.

Na ji idonsa ya bar fuskar kwamfutar ya dawo kaina. Ban ɗago ba.

"Kashe na biyun," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Na kashe. Saba'in, talatin, tara, biyu. Fankar ta ja numfashi ta kwanta.

"To," in ji Kawu. "An kama shi. Mene ne?"

"Direban wata kyamara ce ta waje, irin ta kan tebur. Ko an zare ta, shi yana nan yana neman ta. Ba ya tura hoton kowa ko'ina. Aikin banza ne kawai aka yi."

"Kyamara," in ji Gwaggo, ta tafa hannu sau ɗaya tana juyawa wajen maƙwabta. "Kun ji da bakinsa. Me na ce? Ido."

"Wa ya saka?" in ji Kawu.

Zulkifli ya dubi tabarma. "Kwamfuta tana rubuta ranar da aka saka kowane direba, da awa, da minti. Amma Kawu, ba sai an karanta ba. An ce ido ne, an ga ba ido ba ne. Ya isa."

"Bai isa ba," in ji Hajiya Amama. Maganarta ta farko ke nan tun da ta zauna.

"Yana tsoron ranar," in ji Gwaggo. "Ku dube shi. In ba shi ba ne, me zai hana a karanta?"

Masu karatu, ku tsaya nan ku dube ni. Mutumin da na bari aka tofa wa yawu a ƙofar shago ya gane komai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma yana ƙoƙarin rufa mini asiri da nasa mutuncin. In na yi shiru, zai tashi daga tabarmar nan a matsayin wanda ya ji tsoron rana. Ina so in ce muku nan take na yi magana. Ban yi ba. Na zauna ina lissafin ko akwai wata ƙaryar da za ta ɗauke mu mu biyu. Na nema, ban samu ba. Ba tsoron Allah ne ya fara motsa ni ba, rashin mafita ne. Tsoron Allah daga baya ya iso.

"Ina ake dubawa?" na ce.

"Latifatu," in ji Zulkifli.

"Ina ake dubawa?"

Ya faɗa mini. Na danna, na karanta da ƙarfi: "Litinin, goma ga wata, ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana."

Kawu ya ƙirga da yatsu. "Ya dawo da ita Alhamis. Lahadi muka karɓi goro. Litinin tana hannun wa?"

Na tashi na shiga ɗaki. Na buɗe akwati, na ɗaga mayafai, na fito da ƙullin ɗankwalin, na kwance shi a gaban Kawu. 'Yar abar ta mirgina kan tabarma, baƙa, da wayarta a naɗe.

"Ni na saya. Ni na saka. Bai san da ita ba."

Mma ta ja mayafinta ta rufe baki. Mai tsintar shinkafa ta daina tsinta.

"Ta mece ce?" in ji Kawu. "Ba akwai wata a jiki ba?"

"Tana... gyara hoto."

"Gyara kamar yaya? Jona mu gani."

Kawu ba mugu ba ne, shi dai ba ya barin fayil a buɗe. Na mayar da direban, na jona ta, fanka ta tashi. Sai ga fuska ta cika allon: fara, sumul, hanci ya miƙe, tabon goshina na ƙuruciya ya ɓace. Tana sanye da farin mayafina.

Hajiya Amama ta matso da gwiwa. Ta dubi allon, ta dube ni, ta sake duban allon.

"Wannan 'yar gidan wa ce?"

Wani ya yi dariya a bayan igiyar shanya, aka tsawata masa. Gwaggo ta leƙo don ta ga abin da ake kallo, sai kyamarar ta kama ta ita ma, ta goge mata shekara ashirin. Ta tsaya baki buɗe, har ta ɗan gyara ɗaurinta kafin ta tuna inda take. Ta koma ta zauna, carbinta yana ta ƙirgawa. Na zare kyamarar, na sake kashe direban.

"Ni abin da aka nuna mini na faɗa," ta ce.

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya fi komai ciwo.

Babu wanda ya tambaye ni don wa nake gyara fuska. Manya sun san tambayar da in aka yi ta a tsakar gida ba a iya mayar da ita. Zulkifli dai bai sake kallona ba. Yana ta murza bakin tabarma da yatsa.

Hajiya Amama ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji Alidu, mun gode. Amma mutum ashirin ne suka ga wannan. Waccan maganar kuwa har ƙanwata ta ji ta a Tamale. Yarona da amana yake ci. Inda ta farko ta bi, nan ta biyu za ta bi."

"Zan yi saƙon," in ji Gwaggo da ƙyar.

"Ba ke ba, Hajiya. Ke an san ki da magana, za a ce lallashin ki aka yi." Ta juyo gare ni. "Mai fuska biyun nan za ta yi."

A nan, a gabansu, na karɓi wayar Mma, don ita ce ke cikin guruf ɗin. Sau uku ina farawa ina gogewa. A na huɗu na ce: ni ce Latifatu 'yar marigayi Yusif ta Maamobi. Na ce Zulkifli bai saka komai a kwamfutata ba. Na ce kyamarar ƙara haske na saya da kaina, direbanta ne ya lalace, kuma na bari aka zarge shi alhali zuciyata ta raya mini gaskiya. Na ce duk wadda ta tura na farko, don Allah ta tura wannan. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Na saki yatsa, ya tafi.

"Yoo," in ji Hajiya Amama, wato ya yi. Suka fita. Ba a yi zancen goro ba, ko a mayar ko a bari.

Mma ba ta yi mini faɗa ba. Ta naɗe tabarma, ta ɗora ruwan tuwo, ta ce in miƙo mata kuka. Da na miƙa, ta riƙe hannuna ta juya bayansa tana kallo, baƙi irin nata sak. Sannan ta sake ni.

Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo.

"Na ji saƙon. Na gode."

Na rubuta, "Ka yafe mini." Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Shagona minti goma ne daga gidanku. Ba ki taɓa kira na ta bidiyo ba, kuma ni na san fuskarki. Don wa?"

Na ajiye wayar, na yi alwala, na yi sallah, na dawo, tambayar tana nan. Ina da amsoshi masu kyau: kwastoma, darasin yanar gizo, wasa da ƙawaye. Kowacce za ta shiga. Na rubuta: "Sunansa Saddique. Yana Hambog. Wata biyu muna magana. Bai san kalata ba."

Ya karanta. Shiru har aka yi isha'i. Ban ci tuwon ba.

Da safe, ina shara, amsar ta zo.

"Kashe direban kawai muka yi, ba mu cire shi ba. In an sabunta kwamfutar zai iya tashi. Ki kawo ta in cire."

Zuciyata ta yi wani tsalle na rashin kunya. Na rubuta, "Zan aiko da ita." Ya ce:

"A'a. Ke za ki kawo. Ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da kasuwa ta cika. Kada ki zagayo ta bayan masallaci. Ki biyo ta layin masu tumatir, ki riƙe ta a hannu inda za a gani."

Layin masu tumatir, masu karatu. Mata sittin, kowacce da waya a ƙugu, kowacce ta saurari muryata jiya, wasu sau biyu. Su ne suka karɓe wayoyinsu daga hannunsa, kuma ba za su mayar ba sai sun ga wadda ta fara ta mayar da tata.

Na tambaye shi, "In na zo, za mu yi magana?"

"Ki zo tukuna."

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Na cire laftof ɗin daga jakarta, na rungume ta a ƙirji. Na ɗauki hoda na ajiye. Mma tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce mayafin ya yi yawa a fuska. Na ja shi baya.